Harafi Ɗaya A Cikin Jini: Ciwon Sikila Tsakanin Gado Da Ƙaddara



Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure a cikin garin Kaduna, tun daga Tudun Wada da Rigasa har zuwa Unguwar Rimi da Kawo, zai lura da wani baƙon abu da ya shigo cikin sha'anin. A da abin da liman ya kan tambaya shi ne waliyyi da wakilin ango da sadaki da shaidu. Yanzu kuwa waɗansu limamai sai sun ƙara da neman takardar asibiti, wadda a cikinta akwai haruffa biyu na boko, ko AA, ko AS, ko SS. An fasa aure da dama saboda waɗannan haruffa bayan an kai lefe an sa rana, an kuma ɗaura waɗansu a kan takardar ƙarya don gudun kunya. Jama'a sun rabu biyu a kan al'amarin. Waɗansu suna ganin wannan leƙen gaibu ne da ja-in-ja da ƙaddara. Waɗansu kuma sun mai da shi wani sabon binciken asali, har yarinya mai AS ta zama abin nuni a unguwa. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne ba a taɓa zaunar da su an gaya musu mene ne ainihin waɗannan haruffa ba. To, malamanmu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa, saboda haka bari mu fara daga siffar.

ZAREN GADO

Jikin ɗan Adam ginanne ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma da yawa daga cikinsu suna da wata cibiya a tsakiyarsu. A shekarar 1869 wani matashin likita mutumin Suwizalan, Friedrich Miescher, yana aiki a garin Tubingen na ƙasar Jamus, ya riƙa tattara ƙyallayen da aka ɗaure raunuka da su yana tace mugunyar da ke jikinsu. A cikin cibiyar ƙwayoyin mugunyar ya sami wani sinadari mai tsami wanda ba a san shi ba. Shi ne wanda duniya ke kira DNA a yau. Shi kansa bai san girman abin da ya tsinta ba, sai a shekarar 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan sinadari shi ne mai ɗauke da gado. A shekarar 1953 kuma James Watson da Francis Crick a Kambirij ta Ingila suka bayyana siffarsa, bisa dogaro da hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka ɗauka a Landan.

Siffar kuwa ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin tufkar igiya. Zare ne biyu masu tsawo da suka murɗe da juna, a tsakaninsu akwai matakai kamar na tsani. Kowane mataki haɗin sinadarai biyu ne daga cikin guda huɗu, waɗanda masana suka taƙaita sunayensu da haruffan A da T da G da C. Harafin A ba ya haɗuwa sai da T, harafin G kuma ba ya haɗuwa sai da C. Wannan ƙa'ida ita ce sirrin gado, domin in aka warware igiyar, kowane zare shi kaɗai ya isa a sake gina ɗan'uwansa a kansa, kamar yadda mai rubutu ke kwafar littafi daga uwar littafi. Haka ƙwaya ke yi duk lokacin da za ta rabu biyu. Matakan tsanin nan sun kai wajen miliyan dubu uku daga wajen uba, da kwatankwacinsu daga wajen uwa, an ɗaure su dami 46, watau 23 daga kowane ɓangare. Da za a miƙe zaren da ke cikin ƙwaya guda ɗaya tak, da ya kai tsawon wajen mita biyu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya naɗe wannan duka a cikin abin da ido ba ya gani!

Yadda jiki ke karanta rubutun shi ne haruffa uku-uku. Kowace kalma mai harafi uku tana nufin tubali guda daga cikin tubala iri ashirin waɗanda ake jerawa a gina sinadaran da ke yin aikin jiki. Uwar littafin ba ta barin cibiya. In ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a kan wani zare guda mai suna RNA, a aika da shi wurin magina.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu gargaɗi, domin na ji waɗansu masu wa'azi, cikin zumuɗi, suna kiran wannan zare Lauhul Mahfuzu na jiki. Wannan wuce iyaka ne. Zaren nan halitta ne daga cikin halittu, sababi ne daga cikin sabubba, kamar yadda wuta ke ƙuna ruwa ke kashe ƙishi da izinin Allah. Ba a rubuta ajalin mutum ko arzikinsa ko imaninsa a cikinsa ba, kuma likitan da ya karanta shi bai leƙa gaibu ba, abin da ke nan ya gani.

Shi kuwa zancen cewa siffa ta kan ɓuya a cikin zuriya sa'an nan ta fito daga baya, ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani mutum daga ƙabilar Banu Fazara ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kukan matarsa ta haifi ɗa baƙi, yana nuni da cewa ba nasa ba ne. Sai Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu. Ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da ya tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, sai mutumin ya ce mai yiwuwa wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, bai kuwa ba shi izinin kore yaron ba. Da misalin raƙuma aka tsare mutuncin mace, aka kuma tsare nasabar yaro. A kan wannan tafarki ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a shekarar 2002 cewa ba ya halatta a dogara da gwajin DNA don kore nasabar da ta tabbata a shari'a. Mu riƙe wannan hadisi, za mu bukace shi a gaba.

ƊIGO ƊAYA

Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi. Tsakanin ha ƙarami da jim ɗigo ne kawai, amma shi ya raba kalmar rahim da kalmar rajim. Ciwon sikila, wanda Hausawa ke kira amosanin jini, irin wannan ne.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki, sunansa himogulobin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da tubala 146, kuma babin da ke bayanin ta yana cikin dami na 11. Kalma ta shida a wannan babi ga galibin mutane ita ce GAG. Ga waɗansu kuwa harafin tsakiya ya sauya, ta koma GTG. Ke nan tubali guda ya canza a cikin 146. Wanda ya gaji GAG daga uba da uwa shi ne AA. Wanda ya gaji GTG daga ɗayansu kawai shi ne AS, lafiyarsa lau, yana iya rayuwa har tsufa bai sani ba. Wanda ya gaji GTG daga uba da kuma uwa shi ne SS. Irin wannan himogulobin, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan'uwansa su zama kamar sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Ƙwaya mai lauje ta kan maƙale a ƙananan hanyoyin jini ta toshe su, daga nan ciwon ƙashi mai sa yaro kururuwa cikin dare ke fitowa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin wajen kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa kullum jini ba ya isa, idanu kuma suna yin ruwan ɗorawa kamar na mai shawara.

Wani likita a birnin Shikago, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin ƙwayoyin nan a shekarar 1910. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa laifin yana ga himogulobin, Vernon Ingram kuma ya gano tubalin da ya canza a 1956 da 1957. Amma kakanninmu sun san ciwon tun kafin wannan, sai dai sun ba shi waɗansu sunaye. Babu shakka daga cikin matan da aka ce suna wabi, aka riƙa zargin mayu da iskoki a kan 'ya'yansu, akwai waɗanda wannan ne ya same su.

GARKUWA DA CUTA A KUBE ƊAYA

Mai hankali zai tambaya, in har wannan harafi cuta ne, me ya sa ya yi yawa haka a cikinmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa wajen mutum 24 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da S guda, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai mu.

Amsar tana wurin sauro. A shekarar 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa yara masu AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya tabbatar da cewa mai AS yana da kariya ta wajen kashi 90 cikin ɗari daga mummunan zazzaɓin nan mai kisa. Ba wai ba ya kamuwa ba ne, ya kan kamu, amma da wuya ta kai shi ga halaka. Ƙwayar cutar a cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa. In ta shiga ta mai AS, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe, saifa kuwa aikinta tace jini, sai ta cafke ta tare da ɓarawon da ke ciki. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun ƙara nuna wani abin mamaki a shekarar 2012, cewa waɗansu gajerun zaruruwan RNA da suka yi yawa a cikin ƙwayar jini mai S su kan kutsa cikin ƙwayar cutar, su manne wa saƙonninta, su hana ta girma yadda ya kamata.

An ga wannan a ƙasarmu da ƙidaya. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Farfesa Alan Fleming, wanda ya koyar da ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar masu AS sun fi yawa a cikin manya bisa ga jarirai, alamar sun fi tsallake ƙuruciya. Sun kuma tarar wajen jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da ƙyar a sami ɗaya. Ba sai an gaya wa mai karatu inda sauran suka tafi ba.

Watau harafin da ya tsirar da ɗimbin kakanninmu daga sauro, har muka samu muka zo duniya, shi ne in ya haɗu da ɗan'uwansa ya zama cuta. Mai SS ba ya cin moriyar garkuwar, domin zazzaɓin ya fi yi masa illa fiye da kowa, ga shi kuma ƙwayoyin lauje suna lalata saifarsa tun yana ƙarami, sai ya rasa kariya daga cututtukan huhu da sanƙarau. To, ta yaya za a kira mai AS mai aibi?

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWANE WALIYYI YA SANI

In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Waɗansu sun ɗauka ma'anar wannan ita ce in an haifi huɗu ɗaya ne zai yi ciwo, ko kuwa ciwon sai a ɗa na huɗu. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa rabo sabo fil. Akwai gidan da aka haifi shida babu mai ciwo, akwai wanda uku na fari duk masu ciwo ne. In mai AS ya auri mai AA babu ɗan da zai zama SS. In ma mai SS ya auri mai AA, 'ya'yan duk AS ne masu lafiya. Saboda haka babu wanda wannan ilmi ya hana wa aure, abin da ya nuna kawai shi ne wa ya dace da wa. Akwai kuma wani harafi, C, wanda ya fi yawa a ƙasar Yarabawa da arewacin Gana da Burkina Faso, shi ma in ya haɗu da S ya kan ba da ciwo, ko da yake galibi bai kai na SS tsanani ba. Sa'an nan kada a rikita wannan da rukunin jini na A da B da O wanda ake dubawa lokacin ƙarin jini, abu biyu ne daban.

Waɗansu suna ɗora laifin duka a kan auren zumunci. Gaskiya ne 'yan'uwa sun fi kusa da gadon harafi iri ɗaya, amma inda mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, ko bare da bare aka haɗa, wajen aure ɗaya cikin goma sha shida zai zama na AS da AS. Gudun dangi ba ya wadatarwa daga gwaji.

Ga inda zalunci ke shigowa. A ce magidanci mai AS yana da mata biyu, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida za su tashi lafiya garau, a ɗakin amarya kuwa ana ta jinya da ƙarin jini. Me dangin miji za su ce? Za su ce jininta ne ba kyau, ita ta kawo musu ciwo, tun da ga 'ya'yan kishiyarta nan ƙalau. Wata a sake ta, wata a bar ta da kuɗin magani ita kaɗai. Alhali kuwa babu yaron da ke zama SS sai da harafi daga uba da harafi daga uwa, rabi da rabi. Wanda ya ɗora wa mace laifin wannan ya maimaita kuskuren mutumin Banu Fazara, ya manta da jijiyar da ke cikin nasa raƙuman.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Masu cewa gwaji ja-in-ja ne da ƙaddara, an riga an amsa musu tun zamanin sahabbai. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa inda za su koma ɗin ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako, duk wanda ya kora raƙumansa gare shi da ƙaddara ya kora. Ba wanda ya ce makiyayin da ya zaɓi ciyawa imaninsa ya yi rauni.

A mazhabarmu ta Malikiyya kuma an daɗe da sanin cewa lafiyar jiki tana da wuri a cikin aure, domin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala da Muhtasar, sun ambaci aibobin da ke ba da zaɓin warware aure in an ɓoye su, watau hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura. Amma a lura, waɗannan cututtuka ne da ke jikin mutum. Mai AS ba shi da ciwo, ba a kuwa lissafa shi cikin masu aibi.

Game da tilasta gwajin, manyan majalisun fiƙihu biyu sun saɓa. Ta Rabiɗa a Makka, a zamanta na shekarar 2003, ta ce Shari'a ta riga ta ƙayyade sharuɗɗan aure, ba ya halatta a ƙara tilasta gwaji a kansu, amma ta yi kira ga gwamnatoci su wayar da kan jama'a, su sauƙaƙa gwajin, su kuma tsare sirrin sakamakonsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Riyad a shekarar 2013, ta halatta gwajin, ta kuma ce shugaba yana da ikon wajabta shi saboda maslahar jama'a. Saudiyya ta wajabta shi tun 2004, amma ta bar wa masu neman auren zaɓi bayan sun ga sakamako. A nan gida, Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a shekarar 2024.

A ganina ana iya haɗa maganganun biyu. Hukuma tana iya wajabta wa mutane su sani, amma ingancin aure yana nan inda Shari'a ta ajiye shi. Auren AS da AS ba ɓatacce ba ne, 'ya'yansa kuma halattattu ne masu albarka. Duk da haka ba zan ba ɗana ko 'yata shawarar shiga cikinsa ba, kuma wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti yana jin kukan mai sikila ba zai ba da wannan shawara ba.

Babban kuskurenmu shi ne lokacin da muke yin gwajin. Mu kan bari sai an yi gaisuwar iyaye, an kai kuɗi, an buga kati, zukata sun shaƙu, sa'an nan ana saura mako guda a ce a je asibiti. Wanda aka matsa wa haka shi ke neman takardar ƙarya, da mai saye da mai sayarwa kuwa duk sun ci amana, yaron da bai ji ba bai gani ba shi zai biya. Wannan harafi ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa, saboda haka babu dalilin jira. Uba ya auna 'ya'yansa tun suna makaranta, a kuma maimaita a wani wurin gwaji amintacce, domin a kan yi kuskure, musamman ga wanda aka yi wa ƙarin jini a cikin watanni ukun da suka wuce. Ranar da saurayi ya turo neman izinin zance, ranar ya kamata manya su yi wannan magana a asirce. Liman kuma da ya ga takarda amana ce a hannunsa, ba abin faɗa ba ne a gaban taro.

WAƊANDA AKA RIGA AKA HAIFA

Duk wannan zancen rigakafi ne. Ina labarin yaran da ke hannunmu yanzu?

Jariri mai SS ya kan yi watanni kamar shida na farko lafiya, domin a cikin mahaifa da wani himogulobin dabam yake numfashi, na tayi, wanda ba ya yin lauje. Bayan haihuwa sai wani babi a cikin zaren gado, wanda masana ke kira BCL11A, ya rufe na tayin, a buɗe na manya mai harafin S. Da masana suka gane haka sai suka ce, me zai hana a sake buɗe na tayin?

Makamin da suka yi amfani da shi daga ƙwayoyin bakteriya aka aro shi. Su ma ƙananan halittun nan suna da abokan gaba, watau ƙwayoyin bairos, kuma Allah ya ba su garkuwa mai ban mamaki. Su kan yanki ɗan guntun zaren maharin su adana a cikin nasu zaren, in ya dawo sai su gane shi da wannan guntu, su aika da wani almakashi ya datse shi. A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya ba almakashin nan, wanda ake kira CRISPR, kowane adireshi ya je ya yanka, aka ba su lambar Nobel a 2020. A ƙarshen shekarar 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi ta wannan hanya, mai suna Casgevy. A kan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar jini daga jikin majinyacin, a datse makullin nan a ɗakin gwaji, a kashe tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi, a mayar masa da nasa ƙwayoyin da aka gyara. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwon ba.

Majalisun fiƙihun da muka ambata sun halatta irin wannan gyara in don magani ne, cutarsa kuma ba ta rinjayi amfaninsa ba, Rabiɗa tun 1998. Inda suka tsananta shi ne taɓa ƙwayoyin haihuwa, saboda tsoron cuɗanyar nasaba da illar da za ta bi zuriya. Wannan magani bai taɓa su ba, shi ya sa wanda ya warke da shi har ila yau harafin S zai gadar wa 'ya'yansa. Yana kuma da nasa nauyi, domin maganin kashe ɓargon yana iya hana haihuwa. Sai kuma kuɗinsa, wanda aka sa dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka. Akwai dashen ɓargo daga ɗan'uwa wanda jininsu ya dace, an fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011, amma shi ma ba na talaka ba ne.

Abin da ke kusa da hannunmu a nan Kaduna aka taimaka wajen tabbatar da shi. Akwai wata ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya, wadda ke ƙara yawan himogulobin na tayi ba tare da yanka zare ba. Ɗaya daga cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yaro shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami wajen ɗaya cikin goma in ba a ɗauki mataki ba. Ana iya gane wanda ke cikin haɗari da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A ƙasashen masu hali ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kowane wata, abin da ba mu da jinin yi. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan likitan farko ɗan Arewa, tare da na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad a Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada wannan ƙwaya a kan yara 220 masu haɗarin. Sakamakon da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka sami shanyewar, kuma ko ƙaramin awo na maganin ya yi aiki. Ba a shan ta sai da umurnin likita da awon jini a kai a kai, amma kuɗinta abu ne da zakkar attajiri guda a Unguwar Sarki ko Malali za ta iya ɗauke wa gidaje masu yawa, kuma iyayen da jinya ta cinye wa dukiya suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Sauran kuwa abubuwa ne da uwa za ta iya riƙewa. A auna jariri da wuri in an san iyayen duka suna da S, a cika masa allurar rigakafi, a ba shi fanisilin kullum har ya kai shekara biyar in likita ya rubuta, ya kwana cikin gidan sauro, ya yawaita shan ruwa. In jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Sanyi yana tayar da ciwon, saboda haka a lokacin hunturu da damina a ɗumama masa ruwan alwala da na wanka, malamin allo kuma kada ya tilasta masa zaman asuba a fili. Ƙishirwa ma tana tayar da shi, don haka in ya balaga ya tambayi likitansa kafin watan azumi, in an ce zai cutu to yana cikin marasa lafiyar da Allah ya yi wa rangwame. Wanda ke da yaro mai SS daga shekara biyu zuwa goma sha shida kuma, in ya je asibiti ranar ganin likitan sikila, ya tambaya a yi masa awon jijiyoyin kai, ana so a maimaita shi sau ɗaya kowace shekara.